Filin Tambaya da Amsa: Lissafin yawan jama'a ya jawo min magana a makaranta

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon kuma duk kan abu ɗaya suka faɗo, wato yara da lissafin yawan mutanen duniya. Ta farkon ita tafi tsaya min a rai dan haka zan ɗan daɗe a kanta, ku yi haƙuri da ni.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi nan Tudun Wada, ina ɗaukar ƴan aji 6 na firamare da ƴan aji 1 na ƙaramar sakandare. Kwanaki muna kan darasin manyan lambobi da kashi cikin ɗari sai naga yaran sun gaji da misalin lemu da mangwaro, sai kawai na rubuta musu a allo cewa mutanen duniya sun haura biliyan 8 kuma kullum ƙaruwa ake, na basu lissafi a kai, wallahi Malam ban taɓa ganin sun natsu irin na ranar ba har yaron da baya magana a aji sai da ya ɗaga hannu. Toh bayan kwana biyu sai ga mahaifin wata yarinya yazo wajen hedimasta wai ina koya wa yara ƙayyade iyali, wai ƴarsa ta koma gida tana ce wa mamanta mutane sun yi yawa a duniya alhali uwar tana da tsohon ciki. Hedimasta bai min faɗa ba amma yace in bar wannan misalin in koma kan lemu na. Ni kuma raina bai so ba dan ban ce ma kowa kar ya haihu ba. Dan Allah ka bani shawara, in haƙura ne ko akwai yadda zan yi? Daga wata malama, Tudun Wada Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya miki albarka ya ƙara basira. Kar ki haƙura da darasin, gyara shi zaki yi. Amma da farko ina so ki yi wa uban nan uzuri, dan ba rigima yazo nema ba. Mutum yana zaune matarsa da tsohon ciki sai ƴarsa ta shigo tana cewa an yi yawa a duniya, ko ni ne sai na taka har makarantar naji ba'asi. Kuma kin san mutanenmu, maganar haihuwa da ƙidaya waje ne mai ciwo, an daɗe ana zargin akwai masu neman rage mu ta bayan fage, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Inda naga an samu tangarɗa shine kin basu lambar baki basu labarin lambar ba, yaro kuma in ka bar masa gurbi shi zai cike da abinda ya zo kansa. Lissafi bai san "sun yi yawa" ba, abinda ya sani shine "nawa ne" da "ya aka yi ya kai haka". Shekarun da na yi ina riƙe da alli na koyi cewa in dai ka amsa wa yaro tambaya ta biyun nan toh tsoro baya shigarsa.

Ga inda zaki fara. Rubuta musu shekarun nan a allo. Masana sun ƙiyasta mutanen duniya sun cika biliyan 1 wajen shekarar 1804, biliyan 2 a 1927, biliyan 3 a 1960 wato shekarar da muka samu ƴancin kai, biliyan 4 a 1974, biliyan 5 a 1987, biliyan 6 a 1999, biliyan 7 a 2011, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ranar 15 ga Nuwamba 2022 a matsayin ranar cika biliyan 8. Kar ki musu bayanin komai tukuna, ce musu kawai su ɗebe kowace shekara daga wadda ke binta. Zasu samu 123, sai 33, sai 14, 13, 12, 12, 11. Lissafin ɗebewa ne da ɗan aji 4 ma zai iya amma ki kalli fuskokinsu lokacin da suka faɗo daga 123 zuwa 33, su da kansu zasu tambaye ki Anti me ya faru a tsakani, kinga kenan tambayar ta fito daga bakinsu ba ke kika ɗora musu ba.

Amsar kuwa ki bada ita da wake. Kizo da kwano biyu, kowanne ki sa yara su ƙirga ƙwayar wake 100 su zuba. Kwano na farko shine zamanin kakanni, kowane zagaye a ƙara 4 a matsayin haihuwa a cire 3 a matsayin rasuwa. Kwano na biyu zamanin yanzu, a ƙara 4 ɗin dai amma a cire 1 kacal. In an yi zagaye 10 a zazzage a ƙirga, na farko 110, na biyu 130. Sai ki tambaye su wane kwano ne aka fi haihuwa a cikinsa? Zasu yi ta gardama kafin wani ya gano ai duk 4 ake zubawa, bambancin a wajen cirewa yake. Wannan shine ainihin abinda ya faru da duniya, ba haihuwa ce ta ƙaru ba, mutuwar yara ce Allah ya sassauta ta hanyar rigakafi da ruwa mai tsafta da magani da asibitin haihuwa, ga kuma takin zamani da ya sa gona ɗaya take ciyar da bakuna fiye da da. Cutar agana da ta riƙa share gari guda an tabbatar da kawar da ita daga duniya a 1980, yaran yanzu ko sunanta basu sani ba sai dai su ga zanen fuskar wani tsoho. A wajen 1950 matsakaicin tsawon ran ɗan Adam a duniya bai kai shekara 50 ba, yau ya haura 70.

Ni duk lokacin da na zo nan a darasi kakata nake tunowa, Allah ya jiƙanta. Haihuwarta 11, huɗu suka girma. Wabi ake ce mata a garinmu, kuma sunaye irin su Ajuji da Ayashe da kike ji a wajen tsofaffi ai daga nan suka samo asali, uwa ta binne har ta gaji sai ta sa wa jariri sunan da zai nuna kamar ba ta damu dashi ba ko Allah zai bar mata. Yau a layinmu mace zata haifi 6 ta aurar da 6 ɗin. Toh Malama in yarinyar nan ta koma gida da wannan labarin me zata ce wa mamanta? Cewa zata yi Mama ashe ƙanina da zaki haifa ya fi yaran zamanin Kaka sa'ar rayuwa. Lamba ɗaya ce, biliyan 8 ɗin nan dai, amma kinga saƙon ya canza gaba ɗaya kuma wannan ɗin shine gaskiyar.

Ƴan sakandaren kuma ki matsa dasu gaba zuwa kashi cikin ɗari. Ƙauye mai mutum 1,000 yana ƙaruwa da kashi 3 duk shekara. Shekarar farko 1,030, yawancin yara zasu ce shekara ta biyu 1,060 dan sun ƙara 30, sai ki nuna musu a'a kashi 3 na 1,030 za'a ɗauka, ya zama kusan 1,061, ta uku kusan 1,093, ƙarin kansa yana haihuwa. Daga nan ki koya musu dabarar 70, dabara ce mai daɗi da yara suke so, in ka raba 70 da kashin da abu yake ƙaruwa dashi zaka samu kimanin shekarun da zai ɗauka ya ninka. Kashi 3, shekara 23 da ɗoriya. Kashi 2 da rabi, shekara 28. Kashi 1, shekara 70. Kuma kar ki ɓoye musu ɗaya gefen, duniya ta fi gudun ƙaruwa ne a shekarun 1960 lokacin da take yin kusan kashi 2 a shekara, yanzu ta sauko ƙasa da kashi 1. Ana hasashen biliyan 9 sai wajen 2037, wato tazarar da ta sauko 11 zata koma 15, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 yace adadin zai tsaya a kusan biliyan 10.3 a shekarun 2080 sannan ya fara ja baya. Japan da Italiya tuni mutanensu suke raguwa, Sin ma ta fara raguwa a 2022, Koriya ta Kudu kuwa matsakaicin haihuwar mace bai kai ɗa 1 ba har gwamnati tana roƙon mutane su haihu. Yaron da aka nuna masa hawan kawai ba'a nuna masa gangaren ba an bashi rabin ilimi.

Sai abubuwa biyu da nake roƙonki ki kiyaye. Kar ki tsayar da yara a aji kice kowa ya faɗi su nawa ne a gidansu a rubuta a allo, akwai maraya a ciki, akwai wanda uwarsa ta fita, akwai ɗan gidan mata huɗu da za'a fita tara ana masa dariya, in kina son lambobi ki ƙirƙiro gidaje a takarda. Na biyu duk tambayar da zaki basu ta ƙare da tanadi. Unguwa tana da yara 600 masu shiga aji 1, kowane aji yana ɗaukar 40, aji nawa ake buƙata, 15. In yaran sun ninka nan da shekara 28 aji nawa za'a gina, benci nawa kafinta zai yi in uku-uku ake zama, malamai nawa za'a ɗauka. Yawan ƴaƴan da mutum zai haifa ba hurumin malamar lissafi bane, wannan tsakanin miji da mata ne da likitansu da malamansu na addini, ki bar musu.

Uban yarinyar kuma kar ki jira sai taron iyaye. Nemi izinin hedimasta ki gayyato shi ko ki je gidan ki gaida mai cikin, ki tafi da takardar darasin ya gani da idonsa. Ki tuna masa ranar suna in ta zo ai sai matan gidan sun zauna sun ce mutum nawa muke sa rai, tiya nawa ta shinkafa zata isa, kuma ba wanda yace sun ƙi baƙi dan sun ƙirga su. Annabi Yusuf alaihis salam lissafin shekara 7 na yalwa da 7 na fari yayi ya tara hatsi ya ceci Masar, labarin da Musulmi da Kiristan ajinki duk sun sani. Sayyidina Umar ya kafa diwani aka rubuta sunayen mutane dan kowa ya samu rabonsa daga baitulmali. Arziki na Allah ne ba shakka, kuma cikin arzikin da ya bamu har da hankalin yin shiri. In kin yi haka ina kyautata zaton hedimastan ma zai sake miki mara, ki rubuto min yadda kuka ƙare.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Barci, boko na bai yi nisa ba. Yarona ɗan shekara 9 ya dawo daga makaranta yana tambayata wai Baba biliyan nawa ne, nace masa miliyan dubu ne, yace toh miliyan ɗin fa yaya girmanta yake, in an tara mutum biliyan 8 zasu cika Murtala Square sau nawa, na rasa ta cewa. Bana son in riƙa ce masa jeka ka tambayi malaminku kullum. Ya zan masa bayani a gida? Daga wani uba, Rigasa.

AMSA: Alhaji amsarka daidai ce, biliyan 1 miliyan 1,000 ce, kuma Allah ya saka maka da baka kore shi ba. Matsalar ita ce ba yaro kaɗai ba har mu manya kunnenmu yana jin miliyan da biliyan kamar wa da ƙani, alhali tazarar dake tsakaninsu ta wuce haka nesa. Ka ɗauko agogon wayarka ku zauna bayan sallar isha'i, kace masa ya ƙirga da ƙarfi, lamba ɗaya duk sakan ɗaya, har 60. Sai kace masa in bai tsaya ba, ba barci ba cin abinci, zai kai miliyan 1 cikin kwana 11 da rabi. Bar shi ya canki na biliyan, zai ce wata biyu ko shekara ɗaya, sai ka faɗa masa kusan shekara 32, wato sai ya haura shekara 40 da haihuwa yana da nasa ƴaƴan. In kuma duk mutanen duniya zai gaisar ɗaya bayan ɗaya sakan ɗai-ɗai, sama da shekara 250 zai yi yana miƙa hannu.

Kai da kake kasuwa ma kana da abinda yafi allo. Kace masa ya zaɓa, ka bashi naira miliyan 1 yau, ko ka bashi naira 1 yau gobe 2 jibi 4 kullum kana ninkawa har kwana 30. Zai ruga ya ɗauki miliyan. Sai ku samu bayan kwali ku rubuta tare, kwana na 10 naira 512 ce kacal zai yi ta maka dariya, kwana na 20 ta zama 524,288, kwana na 21 ta wuce miliyan ɗin, kwana na 30 kuwa 536,870,912. In ya gane wannan ya gane yadda abu mai ninkawa yake tafiya a hankali kamar baya motsi sannan ya zabura.

In akwai ragowar ƙarfi ku ƙirga ƙwayar masara 100 kuce su ne duk mutanen duniya. Ware 59 gefe guda, Asiya kenan, Indiya da Sin kaɗai sun kwashe kusan 35 a ciki dan kowacce tana da mutum wajen biliyan 1.4, kuma a 2023 Indiya ta sha gaban Sin. Afirka 18, Turai 9, Amurka ta Kudu da ta tsakiya da tsibiransu 8, Amurka ta Arewa 5, ragowar 1 na su Ostireliya. Daga cikin 18 ɗin Afirka ka zaro 3 ka ɗora masa a tafin hannu kace ga Najeriya.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina aji 2 na babbar sakandare. Malaminmu yace ƴan Najeriya sun haura miliyan 220 amma kuma yace rabon da ayi ƙidaya tun 2006 kafin a haife ni, toh waye ya ƙirga mu? Kuma in muka ci gaba da ƙaruwa ƙasar ba zata cika ba? Daga wani ɗalibi, Barnawa.

AMSA: Lafiya lau ɗana, kuma naji daɗin tambayar nan dan ka kama abinda manya da yawa basa lura dashi. Ba wanda ya ƙirga ku, ƙiyasi ne. Ƙidayar 1991 ta bada kusan miliyan 89, ta 2006 ta bada miliyan 140 da ɗoriya, a ciki jihar Kaduna tana da miliyan 6.1. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Abinda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya suke yi shine su ɗauki tsohon adadin, su duba binciken da ake bi gida-gida ana yi kan haihuwa da mutuwa, su ɗora kashin ƙaruwa shekara bayan shekara, irin lissafin ƙauye mai mutum 1,000 da na nuna wa Malama a sama. Shi yasa zaka ga wani yace 220 wani yace 230, kowa da kashin da yayi amfani dashi. Kai ma gwada da kalkuleta, fara da 140 ka riƙa ninkawa da 1.025, wato ƙarin kashi 2 da rabi, sau ɗaya dan kowace shekara daga 2006, sannan ka sake da 1.03, wato kashi 3, ka ga yadda rabin kashi kacal yake raba amsoshin da miliyoyin mutane. Ni dai ra'ayina rashin ƙidayar nan cutarmu yake, gwamnan da bai san yara nawa ne a Rigasa ba ta ina zai san aji nawa zai gina musu.

Batun cika kuwa rabawa zaka yi. Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, raba miliyan 220 dashi zaka samu mutum kusan 238 a kowane murabba'in kilomita. Jihar Kaduna faɗinta wajen 46,000, da adadin 2006 mutum 133 kenan. Amma matsakaici yana ɓoye abu, ka tsaya a Kawo da yamma lokacin tashi daga aiki sannan ka tuna dajin da ke hanyar Birnin Gwari, duk jiha ɗaya ce. Cunkoson da kake gani a cikin gari ba haihuwa kaɗai ta kawo shi ba, akwai masu zuwa neman aiki da karatu, akwai kuma bayin Allah da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka baro gonaki suka zo suna raɓe a gidajen ƴan uwa. Dan haka lissafin gari gaɓa huɗu gare shi, a ƙara haihuwa, a cire rasuwa, a ƙara masu shigowa, a cire masu fita. Abinda yake fara ƙarewa ba fili bane, ruwan famfo ne da gadon asibiti da kujerar aji da aikin yi.

Ga aikin da na baka kafin fitowa ta gaba. Ƙirga gidajen layinku, ka nemi wani dattijo da ya daɗe a unguwar ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi gida nawa ne a layin lokacin da ya tare da kuma shekarar, sai ka fitar da kashin ƙaruwar na kowace shekara ka raba 70 dashi, ka turo min abinda ka samu tare da yawan rijiyoyin burtsatsen da layin yake dasu a da da yanzu.